Yadda za ku haɗa tarihin ƙaramar ikkilisiyarku tun waɗanda suka fara ta suna nan

Salama 'yan'uwa. Wannan rubutun na sakatarorin matasa ne da duk wanda dattawa suka kira gefe suka ce mashi "ɗana kai ka yi boko, ka rubuto mana tarihin cocin nan" saboda bikin cika shekara goma ko ashirin ya matso. Yadda aka saba yi kun san shi ai, sai saura sati biyu a tuna, a rubuta shafi ɗaya da rabi, sunayen fastoci a jere da shekarun da kowa ya yi, ranar da aka sa harsashi, ranar da aka yi rufi, a karanta bayan baiko rabin mutane na hamma yara na kuka, a ninke takardar a cusa cikin Littafi, bayan shekara biyu ko wanda ya rubuta bai san inda take ba. Jerin fastoci yana da amfani amma ba zai gaya wa jikanka su waye suka fara taruwa ba, daga ina suka zo, mi ya sa suka ƙaru a wannan shekarar suka ragu a waccan, kuma wannan shi ne ainihin abin da ya kamata ku bi.

Wasu za su ce cocin da bai kai shekara ashirin ba wane tarihi gare shi. To yanzu ne ma aikin ke da sauƙi, wanda ya ba da falonshi aka fara addu'a yana nan, matar da ta sayo tabarmar farko tana nan tana zuwa zumunta duk sati. Amma kuma ƙananan majami'u na yanzu sun fi na da saurin rasa kayan tarihi, don na da hoto ɗaya ake ɗauka a wanke a rataye a bango shekara arba'in yana nan, mu kuwa hotuna dubu ne cikin wayar mutum ɗaya, ran da aka sace ta a tasha ko ta faɗa ruwa shikenan.

Kafin komai ku nemi izini a fili. Ka je wajen Baba Fasto da dattawa, a kawo maganar a mitin a sa ta cikin minit cewa an ba wane da wane wannan aikin, don idan ba haka ba ran da ka ce ma'aji ya ba ka littafin baiko zai ɗauka binciken kuɗi ka zo yi, fuska ta canza, kuma daga ranar ba za ka ƙara samun komai a wajenshi ba. Kwamitin kada ya wuce mutum uku, kuma dole ɗaya ta zama mace daga zumuntar mata, ba don a cika lissafi ba, su ne suka san wa ya haihu yaushe, wa ya tare a unguwar a wace damina, wa ya daina zuwa kuma saboda mi. Dattijo zai gaya maka nawa aka sayi fili, uwar zumunta za ta gaya maka wa ta sayar da akuyarta aka cika kuɗin.

Sai takardu. Ku tattaro duk abin da ke da rubutu ko da ya yi kama da shara: littafin minit na dattawa, na mata, na matasa, na mawaƙa, rajistar baftisma da ta aure da ta miƙa yara, rasit na siminti da kwano da katako, ambulan na godiyar kaka, tsofaffin kalanda da aka buga lokacin lancin, wasiƙun canjin ma'aikata, takardar sayen fili da sunayen shaidu. Amma wanda ya fi duka a wurina shi ne littafin da ake rubuta ƙirga da baiko na kowace Lahadi. Yawanci ɗan eksasais ne na 'yan makaranta, bangon ya yi laushi don maiƙon hannu, an ja layi da biro an raba maza, mata, yara, baƙi, baiko, zakka, kuma can gefe sakataren wancan lokacin yakan ɗan rubuta "ruwan sama" ko "an tafi jana'iza ƙauye" don ya bayyana dalilin da ya sa mutane ba su zo ba. Waɗannan 'yan kalmomin na gefe kada ka tsallake su. Mutum zai iya ce maka ai tun farko mun cika ɗakin nan maƙil, littafin kuwa ba ya fahariya, in mutum goma sha ɗaya ne suka zo goma sha ɗaya aka rubuta. In ka tarar gara ta ci gindin shafukan kada ka yi ta buɗewa da ƙarfi, ka shimfiɗa shi kan benci a inuwa da hantsi, wani ya danne gefe da yatsa, ka ɗauki hoton kowane shafi har da bango, a bi da bi, kafin ma ka fara karantawa. Kuma littafin a mayar wa mai shi a ranar, kada ya kwana gidanka, in wani abu ya ɓace daga baya kai za a kalla.

Hotunan waya kuma a yi sanarwa a coci Lahadi biyu ko uku a jere, kowa ya turo abin da yake da shi ga lamba ɗaya, a ce masu su turo a matsayin dokumen a WhatsApp don kada hoton ya dusashe. A leƙa tsofaffin shafukan Facebook na matasa, wannan yana da daɗi don kwanan wata na manne da hoton. Duk hoton da ya shigo a rubuta su waye a ciki tun ana gane su.

Yanzu rigimar da kusan kowace ikkilisiya ke yi: yaushe aka fara? Za ka ji amsa huɗu ko biyar kuma duk gaskiya ne. Akwai ranar da mutum biyar suka fara addu'ar yamma a gidan wani, akwai Lahadin farko da aka yi sujada har da baiko, akwai ranar da uwar coci ta amince ta turo mai bishara aka zama gidan addu'a, akwai ranar da aka ba ku cin gashin kai, a ɗarikar ECWA wato ranar da kuka zama LCB, majami'a mai tsaye da kanta, kuna da dattawanku a ƙarƙashin LCC da DCC, majalisun yanki da na gunduma, a Katolika ranar da kuka tashi daga ƙaramar tasha da katikis, malamin koyar da bangaskiya, ke kula da ita kuka zama faris, cikakkiyar ikkilisiya mai Fada (firist) zaune, sannan ga ranar keɓe ginin. Kada ka zaɓi ɗaya ka binne sauran. Ka rubuta su duka da abin da ya faru a kowace, sannan dattawa su yanke wadda za a riƙa ƙirga shekarun biki da ita, a rubuta cewa su suka yanke. Ni dai a ganina ranar addu'ar falo ta fi cancanta don a nan mutanen suka fara zama jiki ɗaya, amma ofishin gunduma takarda yake dubawa, kuma ba laifi ku riƙe biyun.

Hira da mutane ita ce zuciyar aikin kuma nan ne matasa ke gaggawa. Kada ka tare tsohuwa a bakin coci bayan sujada tana sauri ta je ɗora tukunya. Ka aika tukuna, ka je gida da yamma, ka tafi da ɗan sabulu ko sukari, ka durƙusa ka gaishe ta yadda ya kamata, a yi addu'a, sannan ka ce "Mama zan ɗauki muryarki a waya don kada in manta, kin yarda?" In ta ce a'a ka rubuta da hannu. Ka sa wayar a yanayin jirgi don kira kada ya katse ɗaukar, ka ajiye ta kan tabarma kusa da ita ba a bakinta ba, ka fara faɗin kwanan wata da sunan wadda kake hira da ita. Kuma kada ka ce "Mama ba ni tarihin cocin nan", za ta ce "kai ɗana ni mi na sani, je ka tambayi Baba wane". Tambaye ta ƙananan abubuwa. A kan mi kuke zama ranar farko? Wa ya ba da waƙa, wace lamba ce a Littafin Waƙoƙi? Da ruwa ya sauko ina kuka fake? Wa ke share wurin? Mi aka dafa Kirsimetin farko kuma a gidan wa? Daga tambayar tabarma za ka ga ta gyara zama ta ɗauko maka labarin da babu shi a kowane minit, har da ranar da iska ta yaye rumfar kara ana tsakar wa'azi mai bishara ya ci gaba riƙe da Littafi a ƙarƙashin riga. In ta yi shiru kai ma ka yi shiru, kada ka cike mata gurbi, abin da ke zuwa bayan shirun yawanci shi ne mai nauyi.

Ku yi hira da kowa shi kaɗai tukuna, miji daban mata daban, don in suna tare Baba ne zai yi ta magana Mama na cewa haka ne. Daga baya sai ku tara su huɗu ko biyar ku bar su su yi gardama, a nan ake gyara juna. Kuma ku nemi waɗanda suka tafi, wanda aka yi wa canjin aiki zuwa Kano ko Zariya ko Jos, da mai bisharar farko in yana raye ko matarshi, kira ɗaya a waya ya isa. Har wanda ya fita cikin fushi ya koma wata ɗarika ku neme shi, ya ɗauki bulo a kanshi shi ma.

Shekaru kuwa mutanenmu ba da lamba suke riƙe su ba, da abin da ya faru suke riƙewa, saboda haka ka tafi da 'yar takardar manyan abubuwa a aljihu, ga misali na jihar Katsina. An ƙirƙiro jihar Katsina daga Kaduna a Satumba 1987. Abacha ya rasu Yuni 1998. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, Shema daga 2007 zuwa 2015, Masari daga 2015 zuwa 2023, sannan Dikko Radda. Ƙidayar jama'a da husufin ranar nan da gari ya yi duhu da hantsi duk a Maris 2006 ne. Sarkin Daura Muhammadu Bashar ya rasu 2007, Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman 2008, 'Yar'aduwa Mayu 2010. Ambaliyar Jibiya Yuli 2018, kullen korona 2020, wahalar sabon kuɗi farkon 2023. Idan Baba ya ce "lokacin Shema ne, ba a daɗe da rasuwar sarki ba" ka san inda za ka sa yatsa. Wata dabarar ita ce shekarun yara, in Mama ta ce tana goyon wane aka yi rufi sai ka nemi katin haihuwarshi ko na baftisma. Inda mutum biyu suka saɓa kuma babu takarda, ka rubuta "wane ya ce kaza, wance ta ce kaza" ka wuce, kada ka ƙirƙiro rana don rubutu ya yi kyau.

To sai batun girma, wanda shi ne aka fi yi wa kwalliya. Kowa na son ya rubuta "daga mutum bakwai yau mun kai ɗari uku, ɗaukaka ga Ubangiji", kuma gaskiya abin godiya ne, amma ka zauna da littafin ƙirgan nan ka ɗauki Lahadi ɗaya a wata iri ɗaya kowace shekara, misali ta biyu a watan Maris, ka jera lambobin. Kada ka ɗauki Kirsimeti ko Ista ko ranar godiya. Ka lura a cikin garin Katsina ko Daura ko Funtuwa ƙarshen Disamba coci raguwa yake yi don 'yan kasuwa da ma'aikata sun tafi gida, a ƙauyukan Kafur da Malumfashi da Matazu kuwa lokacin ne ake cika don 'yan birni sun dawo, in ka gwada da wannan watan lissafinka zai karkace. Duk inda ka ga lamba ta yi tsalle ko ta faɗi ka sa alama ka koma wajen mutane ka tambayi mi ya faru a shekarar.

Amsoshin za su nuna maka cewa ƙaruwa iri iri ce. Akwai ta haihuwa, yaran Sande Sukul sun girma sun shiga ajin baftisma. Akwai ta baƙi: sojoji da 'yan sanda da aka turo, ma'aikatan asibiti, ɗalibai da malamai, tun da jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta buɗe aka kuma kafa ta tarayya a Dutsinma a 2011, ga sababbin makarantun tarayya da aka kawo Daura, ga 'yan bautar ƙasa da ke zuwa shekara ɗaya su gyara ƙungiyar mawaƙa su tafi su bar kibod ba mai kaɗawa. Akwai ta waɗanda suka baro wani coci na unguwar don nan ya fi kusa ko don sun yi faɗa can, wannan kamar juye hatsi ne daga wannan buhu zuwa wancan, rumbu bai ƙaru da komai ba. Akwai kuma mai ciwo, 'yan'uwa da matsalar 'yan bindiga ta taso daga ƙauyukan yankin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da sauransu suka shigo gari, cocinku ya cika amma wata majami'a can ta zama kufai. Irin wannan in kun rubuta shi a matsayin nasarar bishara kawai kun zalunce su, ku rubuta sunan ƙauyen da suka baro da sunan majami'arsu, wataƙila littafinku ne kaɗai wurin da za a ƙara ganin sunan. Sannan akwai waɗanda suka ba da gaskiya sabo ta wurin fita bishara, 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai da sauransu. Rajistar baftisma ce za ta taimake ka ka rarrabe, kuma dattawa da kansu za su amfana don za su ga inda ƙarfinsu yake da inda suke ruɗin kansu.

Ka kula da ranar da aka raba sujada biyu, ta Hausa da ta Turanci, in an yi hakan. Yawanci ita ce alamar cewa irin mutanen da ke zuwa ya canza, kuma kusan kullum akwai 'yar tsama a bayanta game da wa zai samu lokacin safe.

Game da tushe, ku ba uwar cocin da ta haife ku haƙƙinta, wa ya kawo shawarar a buɗe reshe, su wa aka turo, wa ke biyan mai bishara kafin ku iya. Daga nan sakin layi ɗaya ko biyu na babban tarihi ya isa. In ku 'yan ECWA ne, Turawan mishan Gowans da Kent da Bingham sun sauka Legas a Disamba 1893, biyun farko suka rasu cikin shekara guda, SIM, ƙungiyar mishan da ta haifi ECWA, ta samu tasharta ta farko a Patigi a 1902, a ƙasar Katsina aikin kutare na Babbar Ruga a ƙarshen shekarun 1930 yana cikin ƙofofin da mishan suka shigo ta ciki, aka kafa ECWA a Kagoro a 1954. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito 1932, wannan na kowa ne. 'Yan Angilika dayosis ɗin Katsina 1990 aka kafa shi, Katolika kuwa sai 2023 aka cire Katsina daga Sakkwato aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe. Abin da nake roƙo kada ku cinye shafi biyar a kan Turawan 1893 sannan ku ba mutanenku rabin shafi, na Turawan an riga an rubuta a wurare da yawa, naku in ba ku ba babu mai rubutawa.

Akwai abubuwa masu zafi kuma ba za ku kauce masu ba, rikicin zaɓen dattawa, kuɗin gini da ya yi ƙafa, rabuwa, wanda aka sa ƙarƙashin horo. Ƙa'idar da nake bi ita ce abin da ya canza tafiyar ikkilisiya a faɗe shi, a ce a shekara kaza an samu saɓani kan kaza iyalai kaza suka fita, ba tare da an nuna wa ya yi laifi ba. Zunubin mutum ɗaya da ya tuba aka karɓe shi kuwa ba shi da wuri a littafin, 'ya'yanshi za su karanta. Haka in an taɓa ƙona maku gini ko an hana ku fili ko izinin gini, ku rubuta abin da ya faru da kwanan wata cikin natsuwa ba zagi, kuma da irin wannan natsuwar ku rubuta maƙwabcin Musulmi da ya sayar maku da fili ana zugashi ya ƙi janyewa, ko mai unguwar da ya sa hannu a takarda, ko wanda ya ba ku ruwa daga rijiyarshi lokacin gini, kusan kowace majami'a a ƙasar nan tana da irin wannan mutumin kuma shi ake fara mantawa. Sai dai ku tambaye shi ko iyalinshi kafin ku sa suna. Wanda kuma ya zo ga bangaskiya daga gidan da har yanzu ba su huce ba, sunanshi da hotonshi kada su shiga abin da za a raba ko a ɗora a intanet ko da shi ya ce ba komai, a ajiye a kwafin ofis. Lambobin takardun fili da adireshin gidajen mutane su ma haka.

Rubutun kanshi ku yi shi da Hausar da kuke magana da ita, in akwai sashen Turanci a fassara masu daga baya. Ku bi shekaru, ku bar mutane su yi magana da bakinsu, inda Mama ta faɗi abu da daɗi ku sa shi yadda ta faɗa. Shafi goma sha biyar zuwa ashirin da hotuna ya wadatar wa coci mai shekara ashirin. Kafin a kai wajen bugawa ku tara waɗanda kuka yi hira da su ku karanta masu da ƙarfi daga farko har ƙarshe, da yawansu ba za su karanta da kansu ba, kuma a nan ne wani zai ɗaga hannu ya ce kun manta da wance wadda ta yi shekara shida tana kawo fitila. Jerin sunayen waɗanda suka fara a karanta shi sau biyu, mantuwar suna ɗaya tana iya ɓata bikin gaba ɗaya.

Wajen bugawa kada ku jira kuɗin littafi mai sheƙi, shagon kwamfuta ya buga a yi fotokwafi a ɗinke, in lancin ya kawo kuɗi a sake bugawa da kyau. Kwafi ɗaya ofishin fasto, ɗaya wajen sakatare, ɗaya a kai uwar coci, ɗaya ofishin gunduma ko dayosis. Muryoyin da hotunan shafukan a zuba su a filash biyu a gidaje biyu daban, a kuma buɗe imel da sunan ikkilisiya a tura su can, mutum biyu su san fasuwod ɗin kuma a rubuta shi a ba dattawa a ambulan, don matashin da ya buɗe gobe zai iya samun aiki Abuja. Tsofaffin littattafan a sa su a akwatin ƙarfe a ɗora kan benci ko bulo nesa da bango saboda gara da laima. Sannan a sa a minit cewa duk watan Janairu sakatare zai rubuta shafi ɗaya na shekarar da ta wuce, ƙirga, baftisma, aure, rasuwa, wa ya zo wa ya tafi, abin da aka gina, a karanta a mitin na farko a sa hannu a jefa cikin akwatin.